KAMA DA WANE BA TA WANE



Sa'ad da kwamitin wannan mujalla ya aiko mini da takarda yana neman in rubuta wani abu na tarihi, tun da shi na koyar har na yi ritaya, na san abin da ake sa rai shi ne in kawo labarin Sarkin Hadejia Buhari, ko kuwa yaƙin da aka yi da Turawa a 1906. To, waɗannan akwai waɗanda suka fi ni saninsu a cikinmu, na bar musu. Ni na zaɓi wani ɗan ƙaramin tarihi ne da ba a koyar da shi a aji, watau tarihin dabarun da hukuma ta yi ta ƙirƙirowa domin ta fitar da kamannin mai laifi daga bakin wanda ya gan shi. Ina da dalilina na zaɓen wannan batu, kuma 'yan ajinmu za su gane shi kafin su kai ƙarshen rubutun. Ina roƙonsu su yi haƙuri su karanta duka.

Bari mu fara daga gida. A zamanin da, tsaron gari a ƙasar Hadejia yana hannun dogaran Sarki ne, tare da hakimai da dagatai da masu unguwanni, kowa da iyakar inda idonsa yake kaiwa. Bayan Turawa sun ci garin a watan Afrilu na 1906, ranar da Sarki Muhammadu ya yi shahada, ba su rushe wannan tsari ba, sai suka ɗora mulkin En'e a kansa. Daga baya aka kafa 'yan doka masu kayan sarki da kulki, waɗanda suka yi aiki har zuwa ƙarshen shekarun 1960, sa'ad da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta shigar da su cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya. Da dogari da ɗan doka babu mai yawo da kyamara, babu kuma mai zana hoto. In an yi sata ko fashi, babban abin da suke da shi shi ne bakin wanda ya gani.

Wani kawuna, Allah Ya jiƙansa, ya yi masinjan kotun alƙali shekara da shekaru, kuma daga bakinsa na ji yadda ake yi wa shaida tambaya. Dogo ne ko gajere? Siriri ne ko kakkaura? Fari ne, baƙi ne, ko wankan tarwaɗa? Yana da gemu ko saje? Sanƙo fa? Wushirya gare shi ko giɓi? Akwai hakiya a idonsa, ko zanzana a fuskarsa? Ita zanzana a lokacin alama ce da ake yawan gani, domin sai a 1970 aka ga bayan cutar agana a Nijeriya. Bayan duk waɗannan sai a zo kan babbar tambaya: wace irin aska gare shi?

Yaran yanzu ba za su san nauyin wannan tambaya ba. Ƙasar Hadejia mahaɗa ce ta Hausawa da Fulani da Auyakawa da Mangawa da Badawa da Barebari, ga kuma fatake da 'yan ci-rani da masunta masu bin ruwa daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri har Nguru. Kusan kowa yana ɗauke da takardar shaidarsa a fuska, wadda wanzami ya rubuta masa tun yana jariri: wani bille, wani kalangu, wani 'yar baka, wani zube, wani fashin goshi. Dattijo yakan dubi baƙo a tasha ya gaya maka ƙasar da kakansa ya fito tun bai buɗe baki ba. Turawa ma sun lura da haka. Wani daga cikinsu mai suna A. J. N. Tremearne, wanda ya yi aikin gwamnati a Arewa, ya zazzana fuskoki da irin askar kowace, ya buga a wata mujallar masana a Landan a 1911. Yau dai wannan littafi na fuska ya kusa rufuwa, domin iyaye sun rage yi wa 'ya'yansu, kuma dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta hana.

Amma fa aska dangi take nunawa da ƙasa. Masu bille a kasuwa ɗaya sai su fi ɗari. Magabata sun san da haka, shi ya sa ba su tsaya a kan siffa kaɗai ba. In shanu aka kora, sai a kira masu bin sawu. Ƙasarmu ta fadama kuwa ta dace da wannan aiki, domin in ruwan kogi ya janye bayan damina, taɓo yakan riƙe sawun mutum da na dabba kamar an buga hatimi. Sai a bi sawu daga ruga har inda ya shiga gari, a sallama wa dagaci, shi kuma ya nuna inda sawun ya fita daga ƙasarsa ko ya nemo wanda ya shigo da shi. Baƙo ba ya kwana a gari sai da mai masauki, mai masauki kuwa shi zai amsa tambayar mai unguwa. A kasuwa dillalai sun san dabbar da ta zo da tarihinta da wadda ta zo da dare. Kawuna yakan yi dariya ya ce Bahaushe ya fi iya siffanta doki a kan mutum: ka ce akawal ne, ko danda, ko hurde, ko kili, kowa ya gane, amma in mutum ne sai ka ji an ce dogo ne baƙi, shi ke nan.

A gaban alƙali kuma akwai wani shingen. A shari'ar Malikiyya da alƙalanmu suke bi, ba a tabbatar wa mutum da sata sai ya amsa da bakinsa, ko kuwa shaidu biyu adilai sun tsaya a kansa. Su ma shaidun sai an yi musu tazkiyya, watau an sami waɗanda suka san su sun tabbatar da mutanen kirki ne. Kawuna ya ce in shaida ya ce wa alƙali "ya yi kama da shi", sai alƙali ya ce ya koma ya zauna. Ba ina nufin zamanin babu zalunci ba ne. Dattawan da suka yi siyasar NEPU a shekarun 1950 suna da labaran kulkin 'yan doka marasa daɗin ji. Abin da nake so a riƙe shi ne, a ƙa'idar wancan tsari siffa mafarin bincike ce, hukunci kuwa yana can gaba.

Yanzu mu ƙetara zuwa Turai. A can matsalarsu ta bambanta da tamu, domin birane irin su Paris da Landan sun cika da miliyoyin mutanen da ba su san juna ba, babu mai unguwa, babu aska. Ɓarawo sai ya sake suna ya zama sabon mutum. Wanda ya fara tunkarar wannan matsala da tsari shi ne Alphonse Bertillon, wani Bafaranshe da ya fara aikin ƙaramin akawu a hedkwatar 'yan sandan Paris a 1879. Aikinsa shi ne kwafe siffofin waɗanda aka kama a kan kati, sai ya lura siffofin ba su raba wani da wani. Ya fito da dabarar auna gaɓoɓi goma sha ɗaya na jikin mutum, kamar tsawon kai da faɗinsa, da kunne, da ɗan yatsan tsakiya, da ƙafa, da kamu. A 1883 dabarar ta fara tona asirin wani da aka taɓa kamawa ya dawo da sabon suna. Shi ne kuma ya daidaita ɗaukar hoton mai laifi ta gaba da ta gefe, kamar yadda ake yi har yau. Sa'an nan ya tsara abin da ya kira hoto mai magana, watau jerin kalmomi na siffanta goshi da hanci da kunne da haɓa dalla-dalla, yadda ɗan sanda zai karanta ya gane mutumin da bai taɓa gani ba.

Awon Bertillon bai daɗe ba zanen yatsu ya ture shi. A birnin Kalkata na Indiya aka buɗe ofishin zanen yatsu a 1897 a ƙarƙashin Edward Henry, kuma wasu 'yan ƙasar biyu, Azizul Haque da Hem Chandra Bose, su suka yi aikin lissafin tsara shi. 'Yan sandan Landan suka karɓe shi a 1901. Sai dai da awo da zanen yatsu, duk suna amfani ne in mutum ya zo hannu ko ya bar alama. Wanda ya gudu bai bar komai ba sai fuskarsa a cikin kan shaida, yaya za a fito da ita? Da farko masu zane ake kira, shaida yana faɗa suna zanawa. Amma ba kowane caji ofis ke da mai zane ba.

A nan ne akwati ya shigo. Wani jami'in tsaro na yankin Los Angeles a Amurka, Hugh McDonald, ya tattara zanen sassan fuska iri-iri, aka buga kowane a kan fallen roba garai-garai wanda ake hango abin da ke bayansa: wannan falle gira kawai, wancan hanci kawai, wani leɓe, wani gashi, wani haɓa. In shaida ya zaɓi ɗaya daga kowane iri, sai a ɗora su a kan juna, fuska ta fito. An sa wa akwatin suna Identi-Kit, ya shiga kasuwa a 1959 da fallaye ɗaruruwa. Kowane falle yana da lambarsa, saboda haka ɗan sanda yana iya buga waya wani gari ya karanta lambobi, can ma su buɗe nasu akwatin su haɗa fuskar nan take.

Akwatin ya yi suna ne a Landan a 1961. Ranar 3 ga Maris aka kashe wata mata mai suna Elsie Batten a wani kantin kayan tarihi da take tsaro a layin Cecil Court. Mai kantin ya tuna da wani saurayi da ya zo yana tambayar kuɗin takobi, haka kuma wani mai kanti a kusa ya tuna da saurayin da ya kawo masa takobi zai sayar. Wani saje mai suna Raymond Dagg ya zauna da kowanensu daban, fuskoki biyun da aka haɗa suka fito kusan iri ɗaya, aka rarraba su. Bayan 'yan kwanaki wani kurtun ɗan sanda da ke sintiri ya hangi Edwin Bush, ɗan shekara 21, ya ga ya dace da hoton, ya kama shi. An rataye shi a kurkukun Pentonville a watan Yuli na shekarar. Jaridu suka yi ta yabon akwati. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, hoton ya kai ɗan sanda wurinsa ne kawai. Zanen yatsunsa da aka samu da kuma amsa laifin da ya yi su suka tabbatar da shari'ar.

A 1970 'yan sandan Birtaniya suka koma ga wani sabon akwati mai suna Photofit, wanda Jacques Penry ya ƙirƙiro. Shi maimakon zane, hotunan mutane na gaske aka yayyanka kashi biyar: goshi da gashi, idanu, hanci, baki, da haɓa. Wannan akwati na gan shi da idona, na kuma taɓa shi da hannuna, ga yadda aka yi.

A 1985 gwamnatin Jihar Kano, wadda Hadejia take cikinta a lokacin, ta tura ni kwas na aikin koyarwa a Ingila. Wata rana muna cikin darasin ilmin halayyar ɗan Adam, sai wani Bature ya turo ƙofa ya shigo da takarda a hannu, ya yi 'yar gardama da malamarmu a kan wai an ba shi ɗakin, sa'an nan ya fita a fusace. Duka bai fi minti ɗaya ba. Muka ci gaba da karatu. Sai da aka kusa tashi malamar ta jawo wata jaka daga ƙarƙashin tebur ta buɗe, ta ce shiri ne, kuma kowa zai zo shi kaɗai ya haɗa fuskar mutumin nan. A cikin jakar akwai 'yan katuna jere a gida-gida, da littafin da ake zaɓe a ciki, da wani ɗan firam da ake cusa katunan biyar, da fallen roba da ake ɗorawa a sama a zana tabo ko tamoji da fensir.

Na shiga da ƙarfin gwiwa, domin a gaba nake zaune kuma na ƙare masa kallo. Amma da aka buɗe mini shafin hanci, na ga hanci fiye da hamsin a jere ba fuska, sai kaina ya ɗaure. Duk wanda na duba sai in ga kamar shi ne. Na zaɓi ɗaya, na zaɓi idanu, na sa masa gashin baki, kuma abin mamaki, da fuskar ta haɗu sai na ji zuciyata ta natsu cewa lalle shi ne. Mu goma sha biyu ne a ajin, aka jera hotunanmu a allo, ka rantse mutum goma sha biyu ne suka shigo. Da aka kira Baturen ya dawo yana murmushi, ashe ko gashin baki ba shi da shi.

Malamar ta bayyana mana cewa ba wautarmu ba ce. Tun a shekarun 1970 wasu masana uku a Jami'ar Aberdeen da ke arewacin Birtaniya, Hadyn Ellis da Graham Davies da John Shepherd, suka gwada akwatin suka tarar ko da mutum yana kallon fuskar a gabansa, da wuya ya haɗa mai kama da ita sosai. Dalili kuwa shi ne, Allah Ya halicci ɗan Adam yana gane fuska a dunƙule ne. Kana iya hango mahaifiyarka a tsakiyar kasuwa cikin mutum dubu, amma a ce ka zaɓi hancinta daga cikin hamsin sai ka rasa. Bugu da ƙari, mutum ya fi kuskure a kan fuskar waɗanda ba jinsinsa ba, kamar yadda Turawa suke ganin duk kamarmu ɗaya mu ma muke ganin tasu haka. Abu na uku, wanda ya fi tsorata ni, shi ne hoton da ka haɗa yana iya korar ainihin fuskar daga kanka ya zauna a gurbinta.

Daga ƙarshen shekarun 1980 aka mayar da aikin cikin kwamfuta da tsari irin su E-FIT, akwatunan suka koma gidajen tarihi. Amma gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna in kwana biyu ya wuce kafin a zauna da shaida, 'yan ƙalilan ne cikin ɗari na hotunan ake iya gane mai su. Wannan ya sa masana a Jami'ar Stirling suka fito da EvoFIT, wanda yake nuna wa shaida cikakkun fuskoki da yawa ya zaɓi mafi kusa, kwamfuta ta gauraya su ta sake kawo wasu, har a matso. Ya fi na da, amma shi ma daga rijiyar tunanin shaida yake ɗiban ruwa. A Amurka, a 1984, wata ɗaliba mai suna Jennifer Thompson da aka yi wa fyaɗe ta taimaki 'yan sanda suka haɗa hoto, ta nuna Ronald Cotton, ta rantse a kotu ta tabbata shi ne. Ya yi fiye da shekara goma a kurkuku kafin gwajin ƙwayar halitta ya wanke shi a 1995. Ba ƙarya ta yi ba, iyakar abin da ta gaskata ta faɗa. Daga baya ta nemi gafararsa ya yafe mata, har suka rubuta littafi tare.

To, 'yan'uwa, ga dalilin da na ce ina da shi. Ranar nan a Ingila da na koma masauki ban iya cin abinci ba, domin na tuna da wani dare a ɗakin kwananmu.

Cikin hunturun 1974 ne, muna aji uku. Na farka tsakar dare zan fita fitsari, sai na ga mutum tsugune a gaban akwatin wani ɗan aji biyar. Ya waiwayo, hasken farin wata ta taga ya sauka a gefen fuskarsa, kafin ƙiftawa da bismilla ya fice. Tsoro ya hana ni ihu. Da safe aka ce an sace agogon hannu da naira shida. Na je na gaya wa firifet abin da na gani: dogo ne, baƙi, mai bille. Nan da nan aka tara duk masu bille na gidanmu, su biyar, aka jera su a bakin baranda aka ce in duba. Uku gajeru ne, ɗaya fari ne. Saura ɗaya, dogo baƙi, ɗan ajinmu, ɗan masunta daga cikin fadama, yaro mai shiru-shiru wanda ya fi mu duka iya lissafi. Da na tsaya a gabansa, sai fuskar da na gani da dare ta gushe, tasa ta zauna a wurin. Aka ce, "Ka tabbata?" Na ce, "Na tabbata."

An bincike akwatinsa ba a sami komai ba, aka ce ya ɓoye ne. Ya yi ta rantsuwa yana kuka. Kun tuna sauran, domin kuna wurin. An yi masa bulala a gaban asambili, aka kore shi na mako biyu. Da ya dawo muka laƙaba masa suna Agogo, in zai wuce sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Ƙarfe nawa?" a fashe da dariya. Da aka yi hutun ƙarshen zango mahaifinsa ya zo ya ɗauki akwatinsa a ka, ba su sake dawowa ba.

Ga abin da ba ku sani ba. A cikin dogon hutu aka kama wani mutum a tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori yana sayar da kayan sata, a cikinsu har da agogon, da haruffan sunan mai shi da aka ƙarta a bayansa. Mutumin yana cikin masu kawo itace kicin ɗin makaranta, ya san ƙofa ya san taga. Kawuna ne ya ba ni labari, na bi shi kotu na leƙa. Dogo ne, baƙi ne, yana da bille. Amma ya haura shekara talatin, yana da saje da giɓi, kuma billensa a dama yake, na ɗan ajinmu kuwa a hagu. Da aka koma makaranta aka mayar wa mai agogo agogonsa a ofis, shiru. Ba a faɗa a asambili ba, ba a aika wa kowa takarda ba. Ni kuma da ya kamata in fi kowa ɗaga murya, kunya da tsoron abin da za ku ce suka rufe mini baki.

Sai a 1992, bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa an dawo da ni gida aiki, na yi ta cigiya har na same shi a kasuwar kifi ta Hadejia, yana dillancin banda, yana lissafin kwali-kwali da ka ba tare da biro ba. Na ja shi gefe na gaya masa komai, na nemi gafara. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sa'an nan ya ce, "Malam, ai na daɗe da yafe maka. Yaro ne kai, an tambaye ka, ka faɗi abin da ka zata. Abin da ya tsaya mini a rai ɗaya ne, tsohona ya rasu bai ji an wanke ni ba." Na tambaye shi me zan yi masa. Ya ce ba ya bukatar komai, sai dai in na haɗu da 'yan ajinmu in gaya musu. Na yi masa alkawari. Shekara ta bi shekara, kowane taro na zo da niyya in tashi in faɗa, sai in ga ana raha in ce bari sai na gaba.

Bara Allah Ya yi masa rasuwa. A taronmu da ya wuce, da ake ambaton waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, wani daga baya ya ce, "Har da Agogo fa," na ji 'yar dariya ta zaga. Ban ga laifin wanda ya faɗa ba, domin abin da na shaida muku ke nan shekara hamsin da suka wuce, ban kuma warware ba. Yau na warware. Bawan Allahn nan bai saci agogo ba, bai saci kuɗi ba. Ni na nuna shi, kuma kuskure na yi.

Ina roƙon shugabannin ƙungiya abu biyu. Na farko, a rubuta sunansa na gaskiya a rajistar 'yan ajinmu da cikin jerin mamatan da muke yi wa addu'a, ko da yake bai gama tare da mu ba. Na riga na miƙa sunan ga sakatare, ban sa shi a nan ba saboda iyalinsa. Na biyu, a tashi wakilai, ni a cikinsu, mu kai wa 'ya'yansa takarda mai hatimin ƙungiya da ke cewa an zalunci mahaifinsu kuma an wanke shi. Yana da jikoki 'yan makaranta, in asusun taimako zai iya ɗaukar ɗaya daga ciki, to, alhamdu lillahi.

A cikinmu akwai waɗanda suka zama alƙalai da manyan 'yan sanda da shugabannin makarantu da masu unguwanni, kuma kusan kowa yana da waya a aljihu wadda ake turo masa hoton wani a ce ɓarawo ne ko mai satar yara, a yaɗa. Kafin ka tura, ko ka sa hannu a takardar kora, ko ka bi masu ihu, ka tambayi wanda ya ce ya gani: da wane haske ka gan shi, tsawon wane lokaci, daga ina, ka san shi a da, kuma wa ya fara nuna maka shi? In amsar ta tsaya a kan kama, to, a ci gaba da bincike. Da firifet ɗinmu ya yi mini ko biyu daga cikin tambayoyin nan, da wataƙila yau injiniya muke yi wa ta'aziyya.

Malamanmu da suke raye, ku yafe mana, Allah Ya saka muku da alheri. Waɗanda suka rasu, malamai da ɗalibai, Allah Ya jiƙansu Ya kyauta makwancinsu. Shi kuma ɗan'uwan namu, Allah Ya sa haƙurin da ya yi ya zame masa haske a kabarinsa, mu kuma Ya yafe mana abin da muka yi da sani da wanda muka yi da zato. Amin.